Wayoyi Biyu a Keken Yaya

Lahadi, da hantsi

Keken yana tsakiyar falo, inda ya tsaya jiya. Inna ta lulluɓe shi da tsohon zanen gado, wai kada ya yi datti, sai ka ce datti ne damuwarmu. Duk mai shiga kicin sai ya kewaye shi. Har yanzu babu wanda ya ce min uffan a gidan nan. Da ma zagina suka yi, da na samu na yi kuka na huta.

Yaya bai fito karyawa ba. Matarsa ta kai masa shayi ɗaki, ta fito da kofin kamar yadda ta shiga da shi.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka fara, tunda bakina ya kasa.

Keken Yaya na guragu ne, mai batir, da 'yar sandar tuƙi a hannun dama. Da shi yake zuwa makarantar da yake koyar da lissafi, shi kaɗai, ba mai riƙe masa komai. Kwanan nan keken ya koyi ƙarya. Fitilun batir su nuna a cike yake, sai ya mutu masa a hanya. Ni kuwa da na ji haka sai kaina ya kumbura, don abin ya faɗo gonata. Aikina ke nan a kamfaninmu, rubuta manhajar da ke magana da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin na'urorin auna sanyi. Wayoyi biyu ne kawai, siraru. Ɗaya tana buga lokaci, ɗaya tana ɗaukar maganar a hankali, ɗigo bayan ɗigo. Ƙwayoyin duk a jikin wayoyin nan suke jere kamar gidaje a layi ɗaya, kowacce da lambar gidanta. Ka kira lamba, ta amsa ta ce ta ji, sannan ka tambaye ta abu ko ka rubuta mata umarni. Na san akwatin da ke ƙarƙashin kujerar Yaya ma haka cikinsa yake.

Na ce masa ƙwayar da ke lissafin batir ce ta rikice, minti biyar zan dawo da ita hayyacinta. Ya ce in bari baƙi su tafi tukuna. Na ce ai ba abin ɓoyewa ba ne. Baƙin kuwa yayyen matarsa ne su biyu, har da babban, wanda yake ce min "'yar boko" yana wani murmushi da na tsana.

Sauran ba yau ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya, a ofis

Dogo, abokin aikina da muke teburi ɗaya, ya ce yau fuskata kamar an aiko min da sammaci. Na ce kaina ke ciwo. Ya ɗauko sabon allon na'ura zai loda masa saiti, sai ya tsaya yana kallona, yana jiran wa'azin da na saba yi masa. Kullum sai na faɗa masa: ka karanta tukuna, ka ajiye kwafi, sannan ka rubuta. Har ya mayar da maganar waƙa, yana rera min in na shigo da safe. Yau da na yi shiru, shi ya rera da kansa, yana buga teburi da biro. Na tashi na shige bayi na kulle ƙofa.

Litinin, da magariba

Yaya bai je makaranta ba. Matarsa ta buga wa shugaban makarantar waya ta ce ba ya jin daɗi. An fito masa da tsohon kekensa na hannu daga sito, an yi wa tayoyin iska. Daga ɗaki zuwa bayi, daga bayi zuwa ɗaki.

Talata, da yamma

Na kwance akwatin na buɗe shi a ɗakina, ba kowa a kaina. Ashe layi biyu ne a cikin allon, ba ɗaya ba. Na batir yana can baya a ɓoye. Na ajiya yana gaba, inda hannu ya fi saurin kaiwa, kuma a nan na maƙala kilif ɗina, ɗan abin da nake cafke ƙwaya da shi. Lambar gidan ƙwayar batir kuwa ita ce dai lambar da ƙwayar ajiya take amsawa a nata layin. Lamba ɗaya, unguwa daban. Na kira, aka amsa, na yi murna. Na aika umarni, ta ce ta ji. Na ƙara, ta ce ta ji. Ita ƙwayar ajiya ba ta san wani umarni ba, duk abin da aka miƙo mata rubutawa take yi a kan abin da ke cikinta. Abin da ke cikinta kuwa saitin Yaya ne: gudun keken, ƙarfin juyinsa, yadda sandar take jin hannunsa. Duk lokacin da aka kunna, keken yana haɗa jimlar abin da ke ajiyar, in ba ta yi daidai ba sai ya ƙi motsi. Shi ya sa jar fitila take ƙiftawa a jikinsa tun ranar.

Na ɗan jima ina zagin wanda ya zana allon. Wane mara tunani ne zai ba gidaje biyu lamba ɗaya? Zagin bai yi nisa ba, don mu ma a ofis haka muke yi, kowa ma haka yake yi. Amsar nan ta "na ji" ba ta faɗin wanda ya ji, kuma na san haka tun ranar da na fara aikin nan. Da na karanta kafin in rubuta, da na gane ba gidan ba ne, ko banza da ina da kwafin da zan mayar. Ban karanta ba saboda kilif ɗin yana zamewa, ina kwance a ƙasa, mutane na kallon ƙafafuna, kuma na riga na ce minti biyar.

Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba ne.

Laraba, da safe

Bai fita ba.

Alhamis, da azahar

Na nemi izini a ofis na kai akwatin shagon masu sayar da kayan asibiti, can bayan tashar mota. Sanduna, gadaje, kujerun bayi, duk a jibge har rufi. Mai shagon ya jujjuya akwatin, ya ga inda na ɓalle hatimin kamfani, ya yi tsaki.

"Wane ɗan gyaran rediyo kuka kai wa wannan?"

Na ce, "Wani ne a unguwarmu."

"Ai su ne. Ba su san komai ba sai karambani. Ki ce masa ya ji tsoron Allah, ya kashe wa bawan Allah ƙafa."

Na ce zan faɗa masa.

Ya ce kamfanin ya daina ƙera irin wannan tuntuni, akwatin babu shi ko a wurin dilolinsu. Sai dai sabon keke gaba ɗaya, shi ma sai an yi oda an jira watanni. A mota na dawo da akwatin a kan cinyata, ina jin kamar kowa ya san abin da na ɗauko.

Juma'a, da yamma

Inna ta same ni a ɗaki da kwano a hannu.

"Auta, kin ci wani abu yau?"

"Na ci a ofis."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, tun kina ƙarama. Ki ci. Ƙarfe ne fa, ranarsa ce ta zo. Ko ba ki taɓa ba zai mutu."

"Inna, ni na kashe shi."

"To ai ba da gangan ba."

Wannan "ba da gangan ba" ɗin ya fi mari zafi. Yaro ake faɗa wa haka in ya fasa kofi. Na ci loma biyu don ta tafi.

Asabar, da hantsi

Na yi ƙarfin hali na shiga ɗakinsa. Yana bakin taga a keken hannu, yana duba takardun ɗalibai da wani malami ya kawo masa. Na ce ranar Litinin zan tura shi makaranta kafin in wuce ofis, in na taso in biya in ɗauko shi. Hanyar akwai hawa, hannu kaɗai ba ya kai keke can.

Bai ɗago ba. "A'a."

"Yaya, na ɗan lokaci ne."

"Auta, ke ƙarama ce lokacin da ake tura ni, ba za ki tuna ba. In ana tura mutum, mai turawar ake gaisarwa. A tsaya a kanka a tambayi na bayanka, ya mai jikin. Yaran nan ba su taɓa ganina a haka ba. Malam suka sani, mai shigowa da gudu yana danna musu hon suna watsewa."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba komai. Da ya ce ba komai sai ya juya takarda, na gane an sallame ni.

Lahadi, da la'asar

Bai fita ba. Ya daina aske gemu.

Litinin, da magariba

Shugaban makarantar ya zo dubiya da ledar lemo. Daga bayan labule nake jin su. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ajin Yaya na masu fita ne, jarrabawa ta matso, iyaye sun fara magana. In bai dawo ba zuwa farkon wata, dole ya ba wani ajin, shi kuma in ya warware a ba shi ɗakin karatu ya riƙa kula da littattafai.

"Wurin ma ba wahala, Malam, za ka huta."

Yaya ya ce ya gode. Tun suna aji ɗaya yake riƙe da yaran nan, ya san wanda ke tsoron raba lamba da wanda ke zuwa ba karyawa.

Na tsaya da tiren ruwa a hannu, na kasa shiga. Matarsa ta zo ta karɓa, ba ta kalle ni ba.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya, a ofis

Manaja ya ba ni na'urori in loda musu sabon saiti, aikin da nake yi ko ina hira a waya. Na haɗa ta farko, na karanta, na ajiye. Da na zo rubutawa yatsana ya tsaya a kan madannin ya ƙi sauka. Na cire na sake duba wayoyin. Na mayar. Ya sake tsayawa. Dogo ya juyo da kujerarsa ya ce in faɗa masa ko ya kira min likita.

Na faɗa masa. Na shirya wa dariyarsa, sai bai yi ba, ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Kai." Can ya ce, "To ai ba shi kaɗai aka ƙera ba. Ki nemo wani keke irinsa sak, ki karanto abin da ke cikin ƙwayarsa, ki zuba a ta yayanki."

Na ce, "Wato in je in kwanta ƙarƙashin wani bawan Allah da wayoyina? So kake in kashe na biyu?"

"Karantawa kawai za ki yi."

"Wancan ma minti biyar kawai zan yi."

Na ɗaga murya har Manaja ya leƙo. Dogo ya jira ya koma, ya jawo takardar bayanin ƙwayar ya ɗora yatsa. Tana da ƙafa guda ta kulle. In aka haɗa ƙafar da wuta, ko me ka aika mata ba za ta rubuta ba, sai dai ta ba ka abin da ke cikinta. Na san da ƙafar nan sarai. Ban ce masa na sani ba.

Laraba, da safe

Bai fita ba. Na mayar da akwatin na kunna, ko Allah zai sa. Ja, ja, ja.

Alhamis, da yamma

Muna wanke-wanke ni da matar Yaya, tana cuɗawa ina ɗaurayewa. Tun ranar ba mu haɗa ido ba. Na ba ta labarin shawarar Dogo ina kallon famfo. Sai ta ce lokacin da asibitin ƙashi ya ba Yaya keken, tare da wata tsohuwa aka ba su, iri ɗaya har launi. Tana da shagon zare da maɓallai a bakin kasuwa. Za ta kwatanta min.

Na ce, "Na gode, Anti."

Ta ajiye soso. "Ba don kin ɓata nake jin haushinki ba, Auta. Kowa yana ɓata abu. Amma ya ce miki ki bari yayyena su tafi. Kin san abin da suka faɗa min kafin in aure shi, wai a ɗaukarsa zan ƙare."

Na sani.

Tunda ta taɓo, bari in rubuta. Da jar fitila ta kama, keken ya ƙi gaba ya ƙi baya, a tsakiyar falo, shi a kai. Na yi ta kashewa ina kunnawa, ina cewa yanzu zai tashi. Hira ta mutu. Can Yaya ya buƙaci shiga ciki. Babban yayan nata ya miƙe ya ce, "Bari a ɗauke shi mana." Bai ce bari in ɗauke ka ba. Yaya ya ce a bar shi. Ya dafa hannun kujera ya sauko ƙasa, cikin farar rigar da matarsa ta goge masa da safe, ya ja jikinsa da hannu biyu ya ratsa falo, ta gaban ƙafafun surukansa, ta gefen kwamfutata, har ƙofar ɗaki. Ni ina zaune a ƙasa da kilif a hannu. Sai da na janye wayar caji don ya samu hanya.

Juma'a, bayan la'asar

Shagon ɗan ƙarami ne, zare kala-kala har sama, kwalaben maɓallai a jere. Mai Zare suke ce mata. Tana zaune bayan kanta a keke sak irin na Yaya, hannunta na dama yana ɗan rawa a kan sandar. Na gaishe ta har ƙasa, na yi bayani tiryan-tiryan, ban jingina wa kowa ba wannan karon.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wato kin kashe na yayanki, shi ne kika biyo nawa. Yarinya, ta'aziyya kika zo ko ƙarin gawa?"

Na ce karantawa kawai zan yi, na yi mata bayanin ƙafar kulle.

"Ni ƙafar da na sani ita ce wannan da nake kai. In ta tsaya, shagon nan ya tsaya, jikokina sun tsaya." Ta sallami wata mai neman zik, ta dawo kaina. "Ba na ba mai lafiya aron ƙafata. Shi mai keken ya zo da kansa. In ya dube ni ya ce ya yarda da hannunki, sai in duba."

Na ce ba ya fita.

"To ni ma ba na buɗewa."

Asabar, da rana

Ban faɗa masa ba. Da wane bakin?

Lahadi, da safe

Anti ta faɗa masa. Na jiyo muryoyinsu ta bango, tata ta fi tashi, ban taɓa jin haka tsakaninsu ba. Na ƙara sautin rediyo. Abin da suka faɗa nasu ne.

Lahadi, da magariba

Da la'asar ya fito, ya aske gemu, ya sa riga. Ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ɗauko kayanki. Kuma ki riƙe da kyau a gangare, ba buhu kika ɗauko ba."

Na tura Yaya daga gida har kasuwa. Ban san yana da nauyi haka ba, ban kuma san titinmu duk ramuka ne ba. Mai kantin kwana ya fito yana goge hannu, ya tsallake shi da ido ya ce min, "Sannu 'yan mata, ya mai jikin?" Yaya ya ce, "Yana jin ka." Mutumin ya yi yaƙe. A gaban shagon aski muka ci karo da ɗalibansa biyu. Suka daburce, suka rasa inda za su sa ido, ɗaya ya miƙo hannu zai karɓi turin. Yaya ya tambaye shi ko ya gama aikin da aka ba su. Ni bayan wuyansa nake gani, jijiyar ta miƙe, gumi yana bin ta.

Mai Zare ta sa aka rufe ƙofa ɗaya. Suka gaisa, kowa ya kalli keken ɗan'uwansa.

"Malam, ka yarda da hannun yarinyar nan?"

Ya gyara zama.

"Ta iya aikinta, Iya."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"In ta ɓata miki wani abu, ni zan zauna a shagon nan in sayar miki da zare har a samo wani."

Ta yi dariya har da tari. "Malamin lissafi a kanta, ai na ci riba. Bismillah, yarinya, shiga ƙasa."

Na sake kwanciya a ƙarƙashin kujerar mutum. Na kashe keken, na cire batir, na ba ƙwayar wuta daga kwamfutata. Na bi wayoyin da ido da yatsa har na tabbatar layin ajiya ne. Na haɗa ƙafar kulle, na auna, na sake aunawa. Na kira lambar, ta amsa. Na ce ta ba ni abin da ke cikinta, lambobi suka fara gangarowa a hankali. Na karanta, na sake, na sake, na gwada su da juna, duk iri ɗaya. Na cire komai, na rufe, na mayar da batir.

"Kunna, Iya."

Kore. Ta tura sandar, keken ya matsa ya tunkuri kwalin maɓallai. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ta ce in tashi daga ƙasa ina ɓata mata ciniki, ta miƙa wa Yaya baƙin zare kyauta, wai maɓallin rigarsa yana lilo.

Litinin, ƙarfe biyu, a ofis

Na gwada zubawar a wata ƙwaya ta gwaji, Dogo yana tsaye a kaina. Ta karɓa daidai. Ya buɗe baki zai rera waƙarsa, na kalle shi, ya rufe.

Litinin, bayan magariba

Na ja keken ɗakina na rufe ƙofa, na hana kowa shigowa. Na fara karanto ɓarnar da ke cikin ƙwayar Yaya na ajiye, ko da ba ta da amfani. Sannan na rubuta.

Kore.

Inna ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya hau, ya gyara zama, ya taɓa sandar yadda ya saba. Shiru. Ya ƙara turawa. Shiru. Sai da ya kai ta kusan ƙarshe keken ya yi wani ɗan nishi ya fara tafiya, sannu-sannu, kamar mai tsoron taka ƙwai.

Na manta da wannan, ko kuma na ƙi tunawa. Saitin Mai Zare na zuba masa. An saita nata don hannu mai rawa, ba ya jin ƙaramin motsi, kuma an rage masa gudu ƙwarai.

Yaya ya kai bango ya juyo, juyin ma sai da muka jira. Ya ce, "Auta, keken nan ya tsufa a hannunki." Anti ta fashe da dariya, har da Inna ta cikin mayafi. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Talata, da safe

Ya fita.

Talata, da yamma

Ya makara darasin farko. Hawan gaban makaranta ya ci masa lokaci, amma ya hau, ba wanda ya taɓa shi. Shugaban ya bar masa ajinsa. Yaya ya ce yaran sun jeru a bakin get suna tafi, ya kora su aji, suka riga shi isa da nisa, har sun goge allo sun zauna kafin ya shigo. Yau tare muka ci abinci a falo, har ya nemi ƙari.

Alhamis, ƙarfe uku, a ofis

Tun shekaranjiya nake jera kwafin Mai Zare da ɓarnar da na ajiye, ina bin su layi-layi. Na gano inda gudun yake, da inda jin sandar yake, da yadda ake haɗa jimlar. 'Yan lambobi ne ƙalilan. Na canza su a ƙwayar gwaji, na duba, Dogo ya duba, ya ce ko rantsuwa aka ce ya yi zai yi. Ga kwafi a kwamfutata, ga wani a ta Dogo, in wani abu ya karkace sai in mayar. Wannan karon babu abin da zai lalace. Na sa wayoyin a jaka, ina ta ɗokin a tashi. Rabona da jin daɗin aikina tun kafin ranar.

Alhamis, bayan magariba

Na jira sai da ya rage shi kaɗai a falo. Na ce masa na gano, zan iya dawo masa da gudunsa, kuma yanzu akwai kwafi. Ban ce minti nawa ba.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan sandar ya rufe ta.

"Na san za ki iya."

"To bari in ɗauko jakar."

"A'a, Auta. Bar shi haka."

"Yaya, kullum sai ka makara."

"Zan riƙa fita da wuri."

"Wallahi babu abin da zai faru. Na gwada, an duba min."

"Na sani. Ba ke ba ce, ni ne. In na tuna ki a ƙarƙashin kujerar nan da waya, ranar nan ce take dawo min. Ranar Litinin ma da kika rufe ƙofa, sai da na shiga bayi na yi amai." Ya yi murmushi don ya sassauta min. "Yana kai ni. Ya isa."

Ba da fushi ya faɗa ba. Na nemi fushin a fuskarsa ban samu ba, kuma da na samu da ya fi min sauƙi. Na ce to. Na tambaye shi ko in kawo masa ruwa, ya ce in kawo.

Juma'a, da sassafe

Na ji Anti tana buɗe masa get, gari bai gama wayewa ba. Na tashi na ɗaga labule. Da can kafin in isa taga ya sha kwana. Yau na gan shi sosai: jakar takardu a cinya, kafaɗa a miƙe, hannunsa ya tura sandar har ƙarshe. Mai kai burodi ya wuce shi a ƙafa. Wata mata da bokiti a ka ta wuce shi. Jakata tana rataye a bayan ƙofa da wayoyin a ciki.

Ya kai kwanar, keken ya tsaya ya yi tunani, sannan ya juya. Gobe ma haka zai fita, da jibi, kuma duk gidan nan tagata ce kaɗai ke kallon titi.